Maigidana da Jirginsa na Cikin Tulu

Me ya hana ni yin dariya a gabansa? Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, har yau ban samu amsa ba. Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Faɗa nake ana rubutawa, in kuka ya tsayar da ni a jira ni.

Manomi ne a Tama, bai taɓa taka jirgi ba. Amma in ya kafa baki cikin tulu ya saki murya, dole ka ɗaga kai sama. Jirgin alhazai mai wucewa can nesa, da hanci yake yin sa. Mai saukar ungulu kuwa, ƙirji yake duka da tafin hannu yana kaɗa leɓe. Ni kunya nake ji, magidanci da furfura yana ruri kamar bajimi! In ya fara sai in shige ɗaki, in toshe baki da zane, in yi ta dariya har cikina ya ƙulle, sannan in fito fuska a murtuke.

Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauko wa dawarmu a fadama, aka ce jirgin feshi na tafe, muka yi ta jira. Da ya ga gona za ta ƙare, ya hau tudu da tulunsa da hantsi, wai zai tsorata su. Ko tsuntsu ɗaya bai tashi ba, mutane ne suka tashi. Mata suka rufe rijiyoyi da tabarmi saboda magani, makiyaya suka kora shanu daji, maigari ya zura babbar riga ya fito tarbar baƙi.

Da asiri ya tonu, wani Buzu abokin wasansa ya ce, "Kai matuƙi, ya ba ka sauka ba?"

Ya ce, "Rawaninka na hango, na tsorata."

Gari ya kwashe da dariya. Ni kwana uku ban kula shi ba. Rabin dawar muka tsira da shi, ya kuma ishe mu.

Yau jirage na wucewa har da marasa matuƙi, mutane su dubi sama su yi tsit. Da yana nan, na san da ya kwaikwaye su har tsoro ya saki jama'a. Kowa na da salula yanzu, amma ba wanda ya ɗauki muryarsa. Da na sani ƙeya ce. Duk da haka na gode Allah: a wurin biki, in aka tuna ranar rufe rijiyoyi, tsofaffi kan yi dariya har da hawaye, su bi shi da addu'a. Wannan ma gado ne.

Ranar da zai cika, bayan azahar, na aje kunya na ce, "Malam, yi mani na alhazan nan." Ya gwada, numfashi bai kai ba, sai wani ɗan fito kamar na tsako. Dariya ta kuɓuce mani a gabansa. Ya daɗe yana dubana, ya ce:

"Ashe haka take, Hajo. Shekara arba'in ta bayan bango nake jin ta."