Sadakar Baba Saboda Mutumin Cikin Littafi

"Shi wannan Salisun, ɗan wane gari ne?"

Baba ne ya tambaye ni, muna zaune gindin rumbu a Bande. Cikin shekarun 1970 ne, na zo hutu daga kolej ta Magariya da wani littafin Faransanci da aka ce mu yi nazarin mutanen cikinsa. Baba bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, sai nake fassara masa labarin: Salisu ya tafi birni karatu, ya bar salla, har ya koma jin kunyar sunansa.

Ranar Juma'a na ga Baba ya auni tiyar gero, ga shi shekarar hatsi ya yi wuya. Ya ce sadaka ce, Allah ya juyo da hankalin Salisu gida.

Dariya ta kusa ƙwace mini. Na ce, "Baba, ai babu shi. Marubuci ne ya ƙirƙire shi."

Ya kalle ni, ya ce, "Wanda ya rubuta, a jikin ɗan wani ya gani. Ni ma ina da ɗa a lakwal."

Ya ɗauki geronsa ya nufi masallaci.

Jiya jikata ta kawo mini irin wannan aikin, wai in taya ta gano jigon labari. Wallahi sai geron Baba ya faɗo mini a rai. Har Baba ya rasu ban tambaye shi sunan wa ya ambata da ya miƙa geron nan ba.

Ku fa, wa ya taɓa yi muku addu'a a fakaice? Allah ya jiƙan iyayenmu.