Rigar Ƙwaron Wake

A ƙauyenmu da ke gefen Bakori, tatsuniya ba ta zuwa kyauta. Sai an zube wa kowane yaro tulin wake a gabansa, yana ɓara a bakin murhu, sannan kakata Inna Delu ta buɗe baki. In hannunka ya tsaya, labari ya tsaya.

Shekarar da aka ɗauke ni makarantar kwana a Malumfashi, na rantse ba inda za ni. Da yammar wata rana na tsinci wani abu a cikin harawa: siffar koren ƙwaron nan mai wari, mai faɗin baya kamar garkuwa, amma fayau, babu kowa ciki, bayan a tsage.

"Inna, ya mutu."

"Mijin nawa ga tsoro, ga saurin kai gawa kabari! Saɓa ce ya yi. Ɓare wakenka ka ji."

Ta ce wai ƙwari biyu ne 'yan uwa a gonar wake. Suka yi ta tsotso har riguna suka matse su. Babban ya ce shi ba zai tuɓe ba, don sabuwar fata laushi gare ta, ga zabi suna yawo. Ƙaramin ma tsoron yake ji, amma ya lallaɓa ƙarƙashin ganye, ya tsaga rigarsa, ya fito fari sol. Bai motsa ba sai da ya yi tauri. Haka ya riƙa yi, har saɓar ƙarshe ta zo masa da fukafukai. Babban kuwa rigarsa ce ta shaƙe shi.

"To ni ina ganyena?" na tambaya.

Ta gyara itace. "Gidan kawunka Sale na bayan kasuwar Malumfashi. Ran Juma'a ka je ka yi kukanka can, ka ci tuwo, ka koma."

Na tafi, na kuma yi kukan.

Har na gama jami'a ina ɗauka jarumta take koya mini. Yanzu ina ganin, ko da yake ba zan rantse ba, ba ta taɓa ce mini in daina tsoro ba. Ta san jikanta. Wurin fakewa kawai ta nemo mini, kafin in yi tauri.