Tsagar da Ban Yi Ba

A shekarun da ƙasarmu ta samu mulkin kai, lokacin da gyaɗa ke da daraja, ni saurayin wanzami ne mai bin kasuwanni da zabira a kafaɗa. Daga Urafane zuwa Gidan Amumune babu kasuwar da ba a san rumfata ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, hannuna a aski bai kai na sauran wanzamai ba, wani lokacin har jini nake fitarwa. Bakina ne jarina. Mutum zai zauna in yi masa kaca-kaca da ƙeya, ya tashi yana godiya saboda labarin da ya sha. Na kuma lura da wuri cewa labarin aure ko na damina ba ya riƙe kowa, amma da an ce an kashe wani, har mai awon gyaɗa sai ya bar buhunansa ya matso.

A wata kaka aka tsinci gawar wani manomi a hanyar da ke tsakanin ƙauyensu da kasuwa, da sara a wuya, bayan ya sayar da gyaɗarsa. Jandarmomi suka zo daga Tasawa, suka yi tambaye-tambaye, suka koma ba su kama kowa ba. Iyakar abin da aka sani ke nan. Ban san mamacin ba, ban taɓa taka ƙauyensu ba. Na ba da labarin kasuwa biyu, na ga ya fara salancewa, mutane suna ta tambayata wa ya yi, don me ya yi. Ni kuwa a lokacin gani nake cewa ban sani ba abin kunya ne. Sai na ƙara gishiri. Na ce ai matar mamacin tana da wani a waje, cikin da ke jikinta ma nasa ne, kuma ranar da abin ya faru ta rataye jan kallabi a kan danga don ta sanar da shi mijin ya tafi kasuwa shi kaɗai. Jan kallabi ya zo bakina ne kawai don shi mata ke yayi a shekarar. Ciki kuwa na ji an ce tana da shi.

Rumfata ta cika maƙil. Direbobin kamiyo, manyan motocin da ke kwasar gyaɗa, suka ɗauki labarin suka kai Maradi. Wata rana a Mayahi wani ya ba ni shi da bakinsa, yana rantsuwa ƙanensa ya ga kallabin da idonsa. Wallahi daɗi na ji, har na riƙa gyara masa inda ya yi kuskure.

Da bazara ta yi, wani dattijo ya same ni a kasuwar Urafane, ya roƙe ni in je askin sunan jikarsa. Na yi mamaki, don kowane gida da wanzaminsa na gado, amma na bi shi. Muka isa da hantsi. Gidan suna ne, amma babu tabarma a ƙofa, babu maroƙi, babu ƴan barka. Ɗan akuya guda aka yanka, liman ya raɗa suna ya yi gaba abinsa. Aka fito mini da jaririya, uwarta, ɗiyar dattijon, ta biyo ta zauna nesa kaɗan, yarinya ce ramammiya, idanunta sun kumbura. Ina cikin aski ta soma magana a hankali, kamar mai neman gafara. Ta ce in yi haƙuri da na ga gidan haka, mijinta aka kashe da kaka, kuma dangin mijin sun ce ɗiyar ba tasu ba ce. Ta ce magana ce ta taso daga kasuwa, wai ta rataye jan kallabi ta kira wanda ya kashe shi. Ta ce kallabin kam tana da shi, marigayin ne ya sayo mata, kowa ya gan ta da shi, ta kuma sha wanke shi ta shanya a danga kamar kowace mace. Ta ce ta dafa Alƙur'ani a gaban yayan mijin, ya ce mata duniya duka ba za ta haɗu a kan ƙarya ba.

Na ƙarasa askin. Sai ta faɗi abin da ya sa aka kira ni. Dangin mijin suna da tsagarsu ta gado a kumatu, wadda ake yi wa kowane jariri nasu, wanzamin gidan kuwa an hana shi zuwa. Ta roƙe ni don Allah don Annabi in yi wa ɗiyar tsagar gidan ubanta, ko bayan ranta wani ya dubi fuskar ya san inda ta fito. A sana'armu wanzami ba ya ɗora tsagar gida sai da izinin masu gidan. Wannan na faɗa mata, kuma gaskiya ne. Amma izinin a bakina yake. Gidan yayan mijin bai fi tafiyar shan fura ba daga nan. Da na je na tsaya a gabansa na ce ni na ƙaga maganar a rumfata don in tara masu aski, wataƙila da a ranar an gama. Na ji tsoron duka, na ji tsoron jandarma, na fi jin tsoron a ce wanzamin nan maƙaryaci ne. Na naɗe zabirata, ta yi mini godiya, har ta sa aka ƙunsa mini nama.

Daga nan na soma warware zancen a kasuwa, ina cewa na bincika, babu ruwan matar. Mutane suka yi mini dariya, wani ya ce ko dangin matar sun jiƙa mini baki ne. Ba wanda ke son labarin da babu mugu a ciki. Sai bayan damina na yi ƙarfin halin zuwa wurin yayan mijin, na faɗa masa komai ina kuka. Ya dube ni ya ce shi daga mutum biyar ya ji, kuma babu wanzami a cikinsu. Na nufi gidan dattijon, na tarar ya rasu. Maƙwabta suka ce matar ta goya ɗiyarta ta yi kudu, ta ƙetare iyaka, ba wanda ya san garin da ta faɗa. Na neme ta shekara da shekaru, ban ji ko ɗuriyarta ba.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Tawa ta yi ƴaƴa, wasu ne suka ci ɗacinsu. Yanzu na tsufa, an ma bar yin tsaga, amma har yau in na ga mace sa'ar jaririyar nan sai in ce ko ita ce, ko an taɓa gaya mata sunan ubanta.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne ina ganin yadda ake dandazo a kan labarin kisa, a radiyo da waya, ana dariya, kowa yana naɗa wanda ya ga dama ya zama mai laifi. Ku ji tsoron Allah. Duk gawar da kuke hira da ita tana da uwa, tana da mata, tana da ƴaƴan da za su tashi su ji abin da kuka ce. In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Wanda ya kashe manomin nan rai ɗaya ya ɗauka, shi da Allahnsa. Ni kuwa na raba marainiya da dangin ubanta tun tana kwana bakwai a duniya, kuma ban san inda zan same ta in nemi gafara ba.