Mai Rubutu a Zaure

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, bayan azahar. Mu uku ne a ofis: shugaban sashe, da wata malama abokiyar aikina, da ni, da na bar karanta labarai a rediyo na koma koyar da darasin rubutu a jami'a. Shugaban ya ce ɗalibai na yawan faɗuwa, a sake wa darasin tsari.

Muka fara da tambayar ɗaliban. Bakinsu ɗaya: "Ba matsala, Malam. Laifinmu ne." A garin nan ba a faɗa wa malami aibinsa a gaban idonsa. Muka rage tsawon aikin gida, muka jira. Ba abin da ya canza.

Malamar ta ce, "Malam, tambaya ta isa haka. A je a gani."

Wanda ya yarda in je gidansu wani ɗalibi ne daga Ƙofar Kuyambana. Ya riga ya faɗi darasin, kuma in ya sake faɗuwa, zamansa a jami'a ya ƙare. A zaure yake rubutu. Na zauna a gefe ina kallo. Bai kai ƙarshen jimla ba aka yi sallama. Ya ajiye biro, ya durƙusa, aka gaisa har da tambayar gajiya da mutanen gida. Yana komawa kan rubutun, baffansa ya leƙo tare da wani baƙo.

"Ɗan boko, har yanzu wasiƙar ba ta ƙare ba? Tashi ka shimfiɗa wa Alhaji tabarma."

Da aka watse na ce, "Me ya hana ka ce kana aiki?"

"Malam, wa zan faɗa wa?"

Na karɓi takardar na duba. Duk inda aka yi sallama, nan zancen ya yanke, ya soma wani.

Muka mayar da rubutun cikin aji, da yamma. Matan aure cikin ɗaliban suka aiko ta bakin malamar cewa ajin yamma na cin lokacin girki, muka dawo da shi safe. Daga baya muka lura suna rubutawa amma ba sa gyarawa, sai na kawo abin da na saba a rediyo: kowa ya karanta nasa a bayyane, na kusa da shi ya tsayar da shi inda ya daina fahimta. Ɗalibin nan bai taɓa fashin ajin ba, kuma rubutunsa ya fara haɗuwa.

Sai dai makin wannan zangon na kan aikin gida ne, kamar yadda aka tsara tun farko, kuma ba a sauya wannan a tsakiyar zango. Sabon tsarin ba da maki sai bayan hutu ya fara aiki. Shi kuwa ɗalibin bai kai makin da ake bukata ba, aka sallame shi.