Inna Laure da Gidan Fatake

Idan ka tambayi Hausawan Tamanrasset wace ce Inna Laure, kafin su ce maka mai sayar da lalle da turaren wuta, za su ce maka matar nan da ta sayi kango. Ni Zuhura tela ce, rumfata na jikin tata a kasuwa shekara da shekaru, kuma har yau in na ji an ce kango sai raina ya ɓaci.

Ƴar Tasawa ce. Da ƙuruciyarta ta biyo yayanta Abdulmumini zuwa garin nan, ta fara da tuwon sayarwa a Gataa El Oued, unguwar da baƙi ke sauka. Can ta haɗu da wani direba ɗan ƙasa, mutumin ƙauyen Hirafok, suka yi aure, ta samu takardun ƙasa ta wajensa. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu, ɗakin haya ya bar ta a ciki, ita da akwatin ƙarfe da tukwanenta.

Mu nan akwai abin da muka ɗauka kamar farilla. Duk wanda Allah ya buɗa masa, gida yake aikawa a yi masa gini. Sai ka ga dattijo ya tsufa yana kwana tsakanin buhunan kaya a bayan shago, alhali yana da bene a Tasawa ko Damagaram, an garƙame da kwaɗo, ƙadangaru na cin karensu ba babbaka a ciki. Hoton gidan na cikin waya, ana nuna wa mutane wajen shan shayi. In ka tambayi dalili, sai a ce maka baƙo raɓa ne. Alhaji Abdulmumini kuwa shi ne limamin wannan ɗariƙa. Yana da shagon atamfa a nan, yana da bene mai koren fenti a Tasawa. Iyalinsa na zaune a gidan gado, don ya ce ba mai shiga benen sai ya dawo ya buɗe da hannunsa. Makullin kullum yana aljihun gaban rigarsa, kuma kowace shekara cewa yake baɗi zai koma.

Gidan da ake magana, Gidan Fatake ake ce masa. Yana tsohuwar unguwa, ginin jar ƙasa, katangarsa mai kauri har mutum ya iya kwanciya a kanta. An ce wani attajiri daga arewa ya gina shi tun zamanin Faransa, don saukar da fataken da ke zuwa da raƙuma daga Agadas da Damagaram. Yana da ƙaton zaure da tsakar gida mai faɗi da ɗakuna birjik. Jikokin mai gidan sun daɗe da komawa Alje, babban birnin ƙasar, rabin rufin ya rufta, awaki ne ke kwana a ciki. Amma a zauren nan motar da ta kawo Laure ta sauke ta ranar da ta fara taka garin, wata tsohuwa mai gadin gidan ta ba ta ruwa da tabarma ba ta tambaye ta ko ƴar wa ce ba. Laure ba ta manta ba. Da ta ji an sa gidan a kasuwa, ta kwance zinarenta da duk abin da ta ajiye, ta saya.

Alhaji ya zo har rumfa, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Laure, mi nike ji? Kin sai kango?"

"Gida na saya, Yaya."

"Gida shina Tasawa. Nan wurin nema ne. Ke mace, ba ɗa ba jika, mi za ki yi da wannan tulin ƙasa? Baƙo raɓa ne, ko kin manta?"

Laure ta ci gaba da auna lalle. Ta ce, "Yaya, a garin ga na yi aure, a garin ga na bizne mijina, a garin ga furfura ta fito mini. In ni raɓa ce, to rana ta manta da ni."

Na yi dariya har allura ta soke ni. Alhaji ya harare ni, ya kaɗa riga ya tafi.

Sayen gida ashe shi ne mai sauƙi. Garin nan cike yake da samarinmu masu aikin gini, amma da ta neme su, kowa ya noƙe. Musbahu, maginin da ya fi kowa hannu a cikinsu, shi ne ya faɗa mata gaskiya. Ya ce, "Inna, ban ƙetaro hamada don in taka laka ba. In wani ya ɗauki hotona ya aika ƙauye, mi za a ce na zo yi?" Ka ji fa. Yaron da a ɗakin laka aka yanke masa cibiya. Su a wajensu siminti shi ne ci gaba, laka kuwa abin da aka gudo aka bari ne.

Laure ba ta roƙi kowa ba. Ta sa aka zubo mata jar ƙasa, ta sayi ruwan tanka, ta nemo ciyawa da kashin jaki ta cakuɗa ta bar su su ruɓa, kamar yadda ta ga ana yi a Tasawa tana yarinya. Sannan ta tattare zane zuwa gwiwa ta shiga. Mace ta ba sittin baya, tana taka laka mutane na leƙe ta ɓarakar katanga suna dariya. Haushi ya sa na rufe keken ɗinkina na shiga nima. Daga baya wasu mata suka riƙa zuwa ranar Juma'a da hantsi, muna yaɓe da hannu, tana yi mana tuwo.

Abin ya dami Alhaji. Duk majalisar da ya zauna sai an ce masa an ga ƙanwarsa cikin taɓo. Da Laure ta tafi Hirafok wajen dangin mijinta neman itacen rufi, sai ya ga dama ta samu. Ya kira Musbahu da yaransa, suka shafe fuskar gidan da zauren duka da siminti, sumul. Ban ce mugunta ya nufa ba. So yake ya rufe bakin mutane, a ce gidan ƙanwar Alhaji ya yi kama da na mutane.

Laure ta dawo a bayan motar itace, ta tsaya ta dubi katangar. Ta shiga maƙwabta ta aro guduma. Kafin a jima unguwa ta taru, wani ya ruga ya kira Alhaji.

"Laure! Kin haukace? Gyaran da na yi miki kike fasawa a gaban jama'a?"

"Yaya, katangar laka numfashi take. Ka naɗe ta da siminti kamar ka naɗe mutum da leda. Ruwan Agusta in ya shiga ba shi fita, sai ta ruɓe daga ciki ta faɗo mini a ka. Kuma ko zinare ka shafa, ba ka tambaye ni ba."

Ya ce ta kunyata shi. Ya rantse da Allah ba zai ƙara shiga gidan ba. Ta ce ta ji, ta ɗaga guduma ta ci gaba. Sai da mutane suka watse ta ajiye gudumar. Ta zauna kan ɓaraguzan ta yi kuka sosai, don shi kaɗai ne jininta a garin nan, kuma tana son shi. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi ta ce in miƙo mata gudumar.

Damina biyu suka wuce Alhaji na zagaye layinmu a kasuwa don kada su haɗu. Gidan kuwa, ba zan yi ƙarya in ce ya zama aljanna ba. Ci yake kamar rami. Ka toshe nan, can ya tsage, kuma kowace shekara sai an sake yaɓe kafin ruwa. Har yau ɗakunan yamma ba rufi. Amma zauren ya tashi, ɗakunan gabas sun tashi, ta kwashe tukwanenta daga gidan haya ta tare.

Sai aka yi wata shekara mai mugun ɗari. Wanda bai san garin nan ba yana jin hamada sai ya zaci zafi kawai, bai san sanyin duwatsun nan yana shiga ƙashi ba. Ciwon ƙirji ya kama Alhaji. Aka sallame shi daga asibiti aka ce a kula da ɗumi, shi kuwa ɗakinsa na bayan shago bulo ne da rufin kwano, sanyi kamar cikin firiji. Ya ce a kai shi Tasawa. Duk wanda ya dube shi ya san ba zai kai ko iyaka ba.

Laure ta zo da taksi, ni da Musbahu muna biye. Alhaji ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Na rantse fa, Laure."

Ta ce, "Na ji rantsuwarka, Yaya. Tana da kaffara. Tukunya na bisa wuta, ka ce ka yarda in ciyar a madadinka. Musbahu, kama shi."

Ya gyaɗa kai.

Ɗakin gabas ta sa shi, wanda katangarsa ke shan rana wuni guda ta riƙe ɗumin. Wata rana na kai masa kunu na tarar yana shafa bango, yana bin sawun yatsunmu a jikin yaɓen. Ya ce, "Ɗakin ga da ɗumi." Laure ta ce, "Laka ce, Yaya." Iyakar sulhunsu ke nan, kuma ya ishe su. Bai ga ƙarshen sanyin ba. Da aka cire rigarsa aka sami makullin benen a aljihu, Laure ta ba wani direba ya kai wa iyalinsa. Ko kwana ɗaya Alhaji bai taɓa yi a benen ba.

A Gidan Fatake aka yi masa wanka, a nan aka yi zaman makoki, don duk Hausawan garin ba mai wurin da zai ɗauki jama'ar. Masu dariyar nan duka suka jeru a zaure, sun jingina da katangar da muka yaɓa. Ranar addu'ar uku wani dattijo, Malam Sharifu, ya matso kusa da labulen mata. Da zuciya ɗaya ya yi magana.

"Laure, sai haƙuri. Yanzu da ba ki da kowa a nan, ki sai da gidan ga ki koma gida."

Ta ɗaga labulen ta dube shi, ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Sharifu, da na bi maganarku, a bayan shago za a wanke Yaya. Mijina na kwance a garin ga, Yaya na kwance a garin ga, ka ce ba ni da kowa? Ba inda za ni. Ranar da tawa ta zo, ga zaure nan, ba sai kun nemi aro ba. In taku ce ta riga zuwa, a kawo ku, ƙofa buɗe take."

Ta saki labulen ta ce in duba ko shinkafar sadaka ta nuna.