Kumburin da Ya Ƙi Nuna

Ko zan manta komai, ba zan manta shekarar da cinyata ta dama ta kumbura ba. Ina ban ruwa a hawasha, gonar da nake nomawa a yammacin Managil, na ji wani dunƙule cikin naman kamar ƙwan kaza. Ba ciwo sosai, ba zafi.

A ƙauyenmu ba a yi wa kumburi sakiya sai ya nuna, kuma da zafinsa ake gane ya nuna. Na je wurin wanzami. Ya ɗora bayan hannunsa a kai, ya ce, "Ɗanye ne, sanyi ƙalau. Je ka, in ya ɗau zafi ka komo." Bai cuce ni ba. Abin da ya gada ke nan.

Na jira. Aka cire auduga ina jira. Dunƙulen ya kai girman ƙaramar ƙwarya, wando ya daina tsaya mini a ƙugu, gumi yana jiƙa shimfiɗata. Zafi bai zo ba. Rannan matata ta ce, "Malam, kafin wannan abu ya nuna kai za ka ruɓe. Tashi mu hau mota."

A asibitin Managil likita ya soka allura, ya zuƙo ruwa mai kauri kamar kindirmo, ya aika a duba. Da muka koma ya ce tarin fuka ne.

Na ce, "Ya daktor, ni ko atishawa ban yi ba."

Ya ce, "Ya hajji, ba kowa yake kamawa a ƙirji ba. Kai a nama ya kama ka, kuma irin wannan ba ya ɗaukar zafi har abada. Ya kusa ƙashi. In ya taɓa shi, sai mu yi maganar ƙafar."

Aka tsaga, aka kwashe. Na sha ƙwayoyi kowace safiya kafin shayi, wata da watanni, fitsarina ja kamar zoɓo. Ko da ramin ya rufe, matata ba ta bari na tsallake ko guda ba.

Ƙafar tana nan. Tana ɗan ja, amma da ita nake shiga ruwa.

Abin da na koya kaɗan ne. Ruwan da ke karya gaɓar tur'a, magudanar ruwan gonakinmu, ba mai ƙara ba ne, mai tsatsafowa ne a hankali. Yanzu duk wanda ya nuna mini kumburi mai sanyi, ba na taɓawa. Tashar mota nake nuna masa.