Shuwakar da Ta Sha Ruwan Alwala

Ɗana na fari bai kai wata biyu a duniya ba. Nono ne ya ƙi zuwa. An dama mini kunun kanwa har na tsani ganinsa, an gwada masa madarar akuya, duk a banza. Saboda haka da na sake samun ciki, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, kowa a gidanmu na gefen Dangora murna yake yi, ni kuwa tsoro ne fal cikina.

Wata tsohuwar Bafulatana mai kawo mana nono ita ta ce mini a wajensu maijego ba ta rabuwa da miyar shuwaka, tana tsinko ruwan nono. Mu kuwa a ƙauyenmu ko tushe ɗaya babu. Maigidana yana fataucin gishiri a jaki zuwa wajen Doguwa, sai na sa shi gaba, ban bar shi ya sha ruwa ba sai da ya yi alkawari. Ya dawo da ɗaurin sanduna naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce a bakin rafi ya saro su cikin kurmi, itacen bai fi tsayin mutum da hannu a sama ba, reshensa ake dasawa.

To, maza! Su a wurinsu duk abin da ake dasa sandarsa rogo ne. Shi da ƙanensa suka kai gona, suka soka a kan kunya, tsakiyar rana, ga damina ta riga ta ɗauke. Rogo yana jure wannan, shuwaka kuwa 'yar laima ce da inuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka bushe, waɗanda suka ɗan yi toho awaki suka gama da su da aka saki dabbobi bayan girbi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuwa faɗa masa.

Da cikina tulele na tafi gonar, ina bin sandunan ina kankare bayansu da farce. Duk sun mutu, sai guda ɗaya na ga kore a ƙarƙashin ɓawon. Na tuge ta na kawo gida.

Sai maganar ruwa. Rani ya yi nisa, rijiya ta yi ƙasa, kowane tulu da guminsa ake kawo shi. Na so in dasa ta bayan makewayi inda ƙasa ba ta bushewa, Inna, uwar mijina, ta ce ba a gidanta za a ci ganyen da ya sha ruwan wanka ba. Na ji haushi, amma gaskiyarta ce. Ina zaune ina saƙe-saƙe sai idona ya kai ga 'yan jiƙe-jiƙen da ke warwatse a tsakar gida, kowa da inda yake tsugunawa ya yi alwala. Ruwa mai tsarki, kullum ana zubarwa ƙasa tana shanyewa.

Na haƙa rami a inuwar rumbu, na zuba taki, na dasa, na jera duwatsu a gefe. Na roƙi kowa ya riƙa yin alwala a nan. Matan gida ba su yi musu ba. Surukina ne abin ji, dattijon da tun kafin a haifi mijina a ƙofar zaure yake alwalarsa, ni kuma ko ido ba na iya haɗawa da shi, balle in aike shi. Inna ce ta kai masa maganar. Da azahar sai na ji gyaran muryarsa, ga shi ya shigo riƙe da buta. Maƙwabta suka samu abin tsokana, wai itacen nan ya fi wasu magidanta kiyaye lokacin salla.

Idanun sandar suka kumbura, suka fashe, ganye ya fito dogo-dogo, kore shar. Inna ta tsinke kan don ta yi rassa, ta kewaye ta da ƙaya. Wadda ta hana ni wurin farko, ita ta koma mai gadi.

Da bazara na sauka, mace. Kwanakin farko babu ko ɗigon nono, yarinya tana ja tana saki tana tsala kuka. Inna ta tsinko ganyen, ta murje shi a ruwa, ta zubar da kumfar, ta sake murjewa, ta yi miya. Ɗaci kamar maɗaci, amma na shanye har da suɗe kwano, safe da yamma.

Wata hantsi ina zaune sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, zanena ya jiƙe. Ko shuwakar ce, ko lokacinsa ne ya yi, Allah ne masani. Na sa yarinyar a nono, na ji tana haɗiya, ƙwat, ƙwat, har tana ƙwarewa. Wayyo, daɗin da na ji! Inna ta tsaya a kanmu tana saurare, sannan ta leƙa waje inda mijinta ke tsugune gindin rumbu.

"Malam, ta sha," in ji ta.

Yarinyar ta saki da kanta, ta yi barci, nono yana gangarowa ta gefen bakinta.